Marsiyyar Khansa'u da Masu Cewa Kambama Mamaci Ƙarya Ce

Duk sanda wani babba ya riga mu gidan gaskiya, mawaƙa suka saki waƙoƙin ta'aziyya, sai gardama ta ɓarke. Wasu su ce marsiyya kukan mutuwa ne da aka sa wa amo, wasu su ce ƙarya ce tsagwaronta, tunda ana kambama mamaci fiye da yadda yake. Hukuncin addini a kan marsiyya na malamai ne, ko da yake ya kamata a tuna Hassanu ɗan Sabit ya yi wa Manzon Allah (SAW) marsiyya, Nana Asma'u ma ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Abin da ke damuna shi ne zargin ƙaryar, domin rashin sanin adon harshe ne ya haife shi.

Mu ɗauki fitacciyar marsiyyar Khansa'u, Tumadir 'yar Amru ta ƙabilar Banu Sulaim, wadda ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru tun zamanin jahiliyya, bayan ya daɗe yana jinyar raunin yaƙi. Waƙar tana kan karin basiɗ, amsa-amonta harafin ra. Da tambaya ta buɗe ta, tana tuhumar idonta ko wani abu ne ya faɗa masa. Ta san dalilin hawayen sarai. Tambayar tana nuna zuciyar da ta ji labari amma ta ƙi yarda.

Inda ta fi gwaninta shi ne siffanta kanta da raƙumar da ɗanta ya mutu. Larabawa kan cusa ciyawa a fatar ɗan, su ajiye wa uwar don ta ci gaba da ba da nono. Raƙumar takan yi kiwo idan ta sha'afa, da ta tuna sai ta kama kai-komo. Haka ma mai makoki: yana ci, yana hira, har ya yi dariya, sai tunani ya fisgo shi bagatatan. Ina ƙarya a nan?

Sai maimaita sunan Sakhru a farkon baitoci a jere, abin da wasu ke ɗauka ƙarewar basira ce. Ku dubi mai daka: taɓarya wuri ɗaya take sauka, amma kowane bugu yana sauya abin da ke cikin turmi. Kowane kiran suna da sabon hali yake zuwa: shugabanci, ciyar da mutane a lokacin sanyi da yunwa, shiryar da matafiya. Da ta kamanta shi da dutsen da wuta ke ci a ƙololuwarsa, babu Balaraben da ya zaci tana auna tsayinsa. Girman giɓin da ya bari take aunawa, kuma tana shaida wa ƙabilarta irin mutumin da ya cancanci a yi wa kuka.

Matsalar waƙoƙin ta'aziyyarmu na yau daban ce. Da yawa jerin muƙamai ne da sunayen masu hannu da shuni da suka zo gaisuwa, babu hali ɗaya na mamacin da za a koya. Makarantunmu kuma suna sa ɗalibai haddace baitin Khansa'u don cin jarrabawar balaga, ba tare da an karanta musu waƙar sukutum ba. Da masu tsara manhaja za su sa marsiyyoyin Khansa'u da na Nana Asma'u cikin Hausa a gaban 'yan sakandare, da yaranmu sun iya bambance makoki na gaskiya da roƙo.