Rautar Wi-Fi ta Gida: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta Kan QoS da Ramin USB

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen rautar Wi-Fi, ko ya kai tasa wurin mai gyara, da wuya bai ji ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ba. Ta farko, wai akwai wani saiti a cikinta mai suna QoS, da ka kunna shi gudun intanet ɗinka zai ninka. Ta biyu, wai ramin USB ɗin da ke bayanta, da ka cusa masa filash ko faifan ajiya shi ke nan ka rabu da fargabar ɓatan hoto ko takarda. Kowacce na ɗauke da ɓurɓushin gaskiya, shi ya sa suka ƙi mutuwa. Amma mutane na asarar kuɗi da takardu a kansu, don haka gara a tankaɗe su a rairaye.

Mu fara da QoS. Cewa yana ƙara gudun intanet ƙarya ce tsagwaronta. Gudun da ke shigowa gidanka, kamfanin da ka sayi data a wurinsa ne ke yanke shi, sai nisanka da ƙarfen sabis, sai yawan jama'ar da ke rataye a kansa a wannan sa'ar. Rauta ba ta da ta cewa a nan. Aikin QoS irin na dattijon nan ne mai tsaron layi a bakin rijiyar burtsatse: bai ƙara wa famfo ko ɗigo ɗaya ba, sai dai ya hana mai kura da jarka goma sha biyu tare yaro mai buta ɗaya har rana ta faɗi. Idan layinka megabit 5 yake kawowa a daƙiƙa, bayan ka kunna QoS ma 5 ɗin ne, wani lokaci ma ƙasa da haka kaɗan.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa sun ga canji? Domin da gaske sun gani. Jira ne ya ragu, suka ɗauka gudu ne ya ƙaru.

Ɗauki misalin gida bayan sallar isha'i. Maigida na magana ta WhatsApp da ɗansa da ke karatu a Masar, murya sai yankewa take yi. Ya ɗaga kai ya ce, "Wai wa ke kallon bidiyo ne a gidan nan?" 'Yarsa ta ce, "Wallahi Baba ba ni ba ce, wayata ma tana caji a ɗaki." Gaskiya ta faɗa, kuma duk da haka wayar tata ce. Tana jikin caji, ta samu Wi-Fi, sai ta kama loda bidiyoyin bikin da aka ɗauka da rana zuwa Google Photos ba tare da ta tambayi kowa ba.

A yawancin layukan gida hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci. Idan abin da ake turawa ya fi ƙarfin hanyar, na'urar ba ta zubar da shi nan take, tara shi take yi a layin jira. A ce hanyar fita megabit 2 ce a daƙiƙa, layin jiran kuma ya tara kilobayit 500. Wannan megabit 4 ke nan, wato duk abin da ya zo daga baya sai ya tsaya daƙiƙa 2 cur kafin ya fita, har da sallamar maigida. Alhali ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna hirar murya na tafiya daidai ne idan jinkirin isar magana bai wuce milisakan 150 ba. Murya ba ta cin hanya da yawa, 'yan kilobit take bukata. Jira ne ba ta jurewa.

Wani injiniya a Amurka, Jim Gettys, shi ya fito da wannan matsalar fili a 2010, bayan ya lura intanet ɗin gidansa na tsayawa cik duk lokacin da yake tura manyan fayiloli. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar da dabarar CoDel, mai hana layin jira tsawaita, aka kuma gina FQ-CoDel a kanta, wadda ke ba kowace hira ɗan layinta, ta kuma bar masu ƙaramin kaya irin su murya su wuce da wuri. Ita da ƙanwarta CAKE su ne ke ƙarƙashin saitin da ake kira SQM a manhajar OpenWrt da wasu rautoci na zamani. A ganina, in rautarka na da shi, ya fi tsohon salon da ke sa ka zauna kana jera wa kowace manhaja matsayi. Kana son ka san ko kana da matsalar? Shafin Fast.com na Netflix, in ka buɗe ƙarin bayaninsa, yana nuna jinkiri iri biyu: na lokacin da layi ke zaune, da na lokacin da yake ɗauke da kaya. In na farko milisakan 40 ne na biyu ya haura ɗaruruwa, ka same ta.

Nan ne wata ji-ta-ji-tar ke ɓata aikin duka. Ana cewa idan rauta ta tambaye ka gudun layinka, ka rubuta mata lamba mafi girma don kada ta takura ka. Akasin haka ne daidai. Ka auna gudun da kake samu na haƙiƙa, ka rubuta kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari nasa. Dalili kuwa, so ake layin jiran ya taru a cikin rautarka inda kake da iko, kada ya je ya taru a wurin kamfani inda ba mai jin maganarka. In ka rubuta 50 alhali 10 kake samu, rautar za ta ɗauka hanya a buɗe take, ba za ta taɓa tsara kowa ba. Ka kunna QoS a suna kawai.

Sai dai wannan shawarar ta fi dacewa da mai layin fayiba, wanda gudunsa ke zaune wuri ɗaya. Mu da yawancinmu layin waya muke sakawa a rauta, gudun asuba daban, na ƙarfe tara na dare daban. In ka saita da na asuba, da dare saitin bai da amfani. In ka saita da na dare, ka yafe wani gudun da safe. Ni na fi son na biyun ga gidan da ake yawan kiran murya ko darasi ta Zoom. In kuma rautar irin ƙananan nan ce da ba ta da komai sai iyakance gudun kowace na'ura, to wannan ɗin ma ya wadatar: ka ƙayyade wa wayoyin yara hanyar fita, a kuma kashe loda hotuna kai tsaye a cikin wayoyin.

Sauran maganganun QoS ba sa bukatar dogon bayani. Sanya duk na'urorin gida a matsayi na ɗaya daidai yake da rashin sanya kowa. Fifikon da ka bai wa kiranka kuma a ƙofar gidanka yake ƙarewa, domin kamfanonin intanet galibi ba sa kula alamar da rautarka ta manna, wasu ma goge ta suke yi. Cewa QoS na rage cin data rabin gaskiya ce: shi kansa ba ya rage ko bayit ɗaya, amma in ka taƙaita gudun wata waya, YouTube zai sauke ingancin hoton da kansa, datar da za ta tafi sai ta ragu. Ga mai layi mai gudu sosai kuwa, kunna QoS a ƙaramar rauta na iya rage gudun, domin a da yawa daga cikinsu hakan na kashe gajeriyar hanyar da kaya ke bi, ya mayar da aikin kan ƙwaƙwalwar rautar mai rauni.

Akwai guda ɗaya da nake roƙon kada a taɓa. Za ka ji ana cewa ka kashe WMM don Wi-Fi ya saki jiki. WMM shi ne tsarin fifiko na cikin iska, tsakanin waya da rauta, mai raba kaya gida huɗu: murya, bidiyo, kayan yau da kullum, da na bayan fage. Tun daga ƙa'idar 802.11n, manyan gudu sun dogara da shi. Ka kashe shi, na'urori da dama su koma megabit 54 na zamanin da.

Yanzu ramin USB. Bari in fara da albishir, domin a nan akwai tsoron da ba shi da tushe. Mutane da yawa na ƙin amfani da shi don sun ji wai kwafar fim ko hoto daga faifan zuwa waya na cinye data. Ba ya ci. Kayan daga faifai suke tashi, su bi ta rauta, su sauka a wayarka, ba su leƙa waje ba. Ko datarka ta ƙare, matuƙar rauta na kunne, yara za su iya buɗe VLC su kalli darasin da aka ajiye, uwargida ta saurari tafsirin da aka sauke tun azumin bara. Abu ɗaya a sauke sau ɗaya, waya shida su amfana. Ga gidan da ke lissafin kowane gigabayit, wannan shi ne babban amfanin ramin, ya kuma isa dalilin amfani da shi. Data na tafiya ne kawai in ka buɗe faifan daga wajen gida.

Ba kowane ramin USB ne na ajiya ba, wani na modem ne ko firinta, wani na wuta ne kawai, sai ka duba littafin rautar kafin ka sayi faifai. Kuma kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. USB 2.0 megabit 480 ne a takarda, USB 3.0 gigabit 5, amma ƙwaƙwalwar rauta da ƙarfin Wi-Fi ne ke yanke abin da za ka gani, kuma ya yi ƙasa da haka nesa. Ƙwaƙwalwar nan ɗaya ita ce ke tsara layin QoS, iskar nan ɗaya ita ce murya ke bi, don haka kwafar babban fayil ta Wi-Fi na iya dagula kiran maigida ko da bai taɓa data ba. Babban kaya a tura shi ta kebul. Kamfanin Intel ya wallafa bincike a 2012 da ya nuna USB 3.0 na fitar da hayaniyar da ke damun Wi-Fi na zangon 2.4 GHz, saboda haka in sabis ya raunana bayan ka jona faifai, ba ido ba ne: ka nisanta faifan da eriya, ko ka koma zangon 5 GHz. In kuma bidiyon biki ya ƙi shiga alhali akwai wuri, duba tsarin faifan. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, sai NTFS ko exFAT ko ext4, gwargwadon wanda rautar ta sani.

Maganar da ta fi damuna ita ce cewa faifan rauta ya isa ajiya. Bai isa ba. Faifai ɗaya ne, a kunne dare da rana, cikin zafi da ƙura, a jikin na'urar da wuta ke ɗaukewa ba sallama. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa, wani lokaci har tsarin faifan duka. Wanda kuma duk ka bai wa ikon rubutu zai iya gogewa, kuma a yawancin rautoci abin da aka goge ba ya faɗawa kwandon shara, tafiya yake yi. Mutum ya kwashe hotunan aurensa da takardun filinsa da shaidar karatunsa ya zuba a can, sannan ya goge na waya don samun wuri, to bai yi ajiya ba, ƙaura kawai ya yi musu zuwa wuri mafi haɗari. Abin da ba ka iya jure rashinsa ya kasance yana da kwafi a wani faifan da ke cikin durowa, ba a jone da komai ba. Ƙaramin batir mai riƙe rauta in an ɗauke wuta yana taimakawa, haka ma cire faifan ta cikin saiti kafin a zare shi da hannu.

Sai batun sirri. Ana cewa tunda faifan a ɗakina yake, ba mai ganinsa. Ya danganta da abin da ka kunna. A 2014 masu rautocin Asus da dama sun tarar da wata 'yar wasiƙa a cikin faifansu, wadda baƙi suka ajiye musu ta intanet, tana shaida musu cewa kayansu a buɗe suke ga duniya ta hanyar tura fayiloli da ake kira FTP. Maganar ta kai ga hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, kuma a 2016 kamfanin ya amince a riƙa binciken tsaron kayansa har shekara 20. Haka nan in kwamfutarka ta ƙi ganin faifan tsohuwar rauta, za a ce maka ka kunna tsohon tsarin raba fayiloli mai suna SMB1 a Windows, ba komai. Akwai komai. Ta ɓarakar da ke cikin SMB1 na Windows ne cutar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017 zuwa ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, kuma tun ƙarshen wannan shekarar sababbin Windows 10 suka fara zuwa ba tare da shi ba. Ka sabunta manhajar rautar ka ga ko za ta karɓi SMB2, in ta ƙi, gara ka haƙura da ita a wannan aikin.

Barazanar da ta fi kusa ma ba ta ƙetare ba ce. Duk wanda ka bai wa kalmar sirrin Wi-Fi, maƙwabci ne ko abokin ɗanka da ya zo hira, ya shiga gida ɗaya da faifan, kuma rautoci da yawa na barinsa a buɗe ba tare da tambayar suna ba. Don Allah, mai karatu, yau ɗin nan ka shiga saitin rautarka: ka canza kalmar sirrin shiga saitin in har yanzu ta kamfani ce, ka sa wa faifan suna da kalmar sirri tasa, ka kashe FTP da shiga daga waje in ba ka amfani da su, baƙi kuma ka buɗe musu Wi-Fi na baƙi wanda ba ya ganin faifan.