Salula a ƙauye: mu nemi rezo tun kafin ranar buƙata

A ƙauyukanmu da dama akwai wani wuri da kowa ya sani. Ko dai kan tudu bayan gari, ko gindin wani gawo, ko can wajen rumbuna. Nan ne ake zuwa a ɗaga salula sama ana neman rezo. Da rana tsaka abin ya kan ba da dariya. Amma daren da naƙuda ta yi wa mace tsanani, ko maciji ya sari yaro a gona, babu mai dariya.

Salula ta shigo Nijar a shekarar 2001, kuma ba a daɗe ba manoma da ƴan kasuwa suka ga amfaninta. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda rezo ya kai, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwa ya kan tambayi kuɗin tiya kafin ya ɗora buhu a mota. Manomin da babu rezo a garinsu kuwa, shi ne na ƙarshen jin labari.

To, mene ne ke hana rezo zuwa? Maganar da muke yi a salula tana fara zuwa ne wurin dogon ƙarfen nan da ake kira antan, daga nan ta wuce. In ƙarfen ya yi nisa, rezo ya kan iso da rauni. In kuma wani abu ya tare tsakani, sai ya ƙara rauni. Shi ya sa garuruwan da ke cikin kwari, kamar na Magiya da na tsakanin duwatsun Adar a jihar Tawa, suka fi shan wahala. Haka ma garin da jigawa ta rufe. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano su ma suna rage shi, don haka mu fita tsakar gida in za mu yi kira. Wani lokaci kuma laifin na antan ɗin ne: wutarsa ta ɗauke, ko mutane sun yi masa yawa, kamar ranar kasuwa ko ranar salla.

Abu na farko shi ne mu san wurinmu. Wanda ya iya karatu ya zagaya gari da salula, yana duba ƴan sandunan nan da ke saman gilashi. Inda suka fi yawa, a sa alama, a gaya wa kowa, har mata. Mun sha ganin garin da maza kaɗai suka san wurin, alhali da rani yawancinsu sun tafi cin rani. A gwada layin kowane kamfani, domin wanda ya kama a gabas da gari ba lalle ya kama a yamma ba. Salula mai layi biyu tana da amfani a nan.

Amma mu yi hattara. Kada mu tura yaro ya hau itace neman rezo, karaya ta fi rashin kira tsada. In hadari ya taso ana walƙiya, kada kowa ya tsaya kan tudu ko ƙarƙashin dogon itace, domin irin wuraren ne aradu ta fi faɗawa.

Ga wata dabara da ta shafe mu, mu ɗaliban yaƙi da jahilci. Rubutaccen saƙo ya kan wuce a inda murya ba ta wucewa, saboda ba ya buƙatar rezo mai ƙarfi, kuma ya fi kira arha. A shekarun 2009 da 2010 an koyar da rubuta saƙo a salula cikin wasu azuzuwan manya na jihohin Doso da Damagaram, kuma ɗaliban suka fi sauran samun sakamako mai kyau. Saƙon ya zama gajere, sunan gari a farko, sannan abin da ya faru. Misali: «Garin kaza. Mace mai ciki tana zubar da jini. A turo mota.» Haka za mu yi wa malamin gona in fara ko tsuntsaye sun sauka, mu faɗi rana da gefen da suka sauka.

Batir ma abin lura ne. Salular da ke ta neman rezo ba ta samu, cajinta ya fi saurin ƙarewa. In za mu wuni a gonar da babu rezo, gara mu kashe ta. Mutanen bakin iyaka, wajen Ƙonni, Ɗan Isa da Magariya, su lura: salula ta kan kama rezon Najeriya da kanta, kuɗin kira kuma ya kan sake.

Duk da haka, muna ganin kuskure ne a jingina ran mai ciki ga salula kaɗai. Tun cikin yana wata bakwai, maigida ya karɓi lambar likita da ta ungozoma, ya rubuta su a takarda, kada ya bar su cikin salula kawai. Ya yi magana da mai amalanke ko mai babur, ya ajiye kuɗin mai. In an ga jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta kai awa 12, a kama hanyar likita nan take. Wani ya ruga wurin rezo ya yi kira, sauran suna tafe da ita. Wadda garinsu ke da nisa sosai, ko ta taɓa shan wuyar haihuwa, ya fi kyau ta koma wurin dangi kusa da likita in watanta ya kama.

Kafa sabon antan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Maigari da ƙungiyar manoma su rubuta takarda, su faɗi yawan jama'a, da ranar kasuwa, da nisan likita, su haɗa da ƙauyukan kewaye. A kai ta wurin magajin gari, shi kuma ya isar ga kamfanonin waya da hukumar ARCEP mai kula da su a Yamai. A riƙe kwafi ɗaya a hannun maigari, da kwanan watan da aka kai ta.