Bambancin Malam-Buɗe-Littafi da Ɗan'uwansa na Dare

Duk wanda ya bi gaɓar kogin Lamurde a nan Jalingo da hantsi, a ƙarshen damina, lalle zai ga malam-buɗe-littafi yana shawagi bisa furanni. Amma da yawanmu, in magariba ta yi muka ga mai kama da shi yana kewaya fitila, sai mu zaci shi ne, alhali kuwa jinsinsu daban. Alama mafi inganci ita ce ƙahonni biyun da ke kansu: na malam sirara ne masu ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana, na ɗan dare kuwa galibi kamar zare ko gashin tsuntsu. Malam in ya sauka yakan haɗe fikafikansa sama, wancan kuwa ya kwantar da nasa kamar jinka.

Malam-buɗe-littafin da ya fi ba ni sha'awa, tsarki ya tabbata ga Mahalicci, shi ne mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya har dafin ya zauna a jikinsa, tsuntsaye su ƙaurace masa. Manomi kuwa ya lura, baƙuwar tsutsar nan da ta afka wa masara tun 2016, 'yar na daren ce.