Koyar Da Yaro Lissafi A Gida: Shin Uwa Tana Bukatar Littafin Jagoran Malami?

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka ne, domin mu ji wata muhawara da ta daɗe tana kai da komo tsakanin iyaye mata na can waɗanda ba sa tura 'ya'yansu makaranta, su da kansu suke karantar da su a gida. Muhawarar kuwa ita ce: idan uwa ta sayi littafin lissafi na yaron firamare, lalle ne sai ta haɗa da littafin jagoran malami, ko kuwa sayensa ɓarnar kuɗi ce kawai?

Karatun gida ba baƙon abu ba ne a Amurka. Tun daga shekarar 1993 doka ta yarda da shi a dukan jihohi 50 na ƙasar. Ƙididdigar da gwamnatinsu ta yi a 2019 ta nuna cewa yara wajen miliyan ɗaya da rabi ne suke karatu a gida, wato kusan kashi 3 cikin 100 na 'yan makaranta. Da annobar korona ta ɓulla a 2020 aka rufe makarantu, hukumar ƙidayar jama'a ta ƙasar ta gano cewa gidajen da suke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 zuwa kashi 11.1 cikin 100 tsakanin watan Afrilu da watan Oktoba. A yawancin gidajen nan kuwa uwa ce malama.

Masu buga littattafai sukan sayar da lissafin kowane aji kashi uku: littafin karatu, da littafin aiki wanda yaro yake rubutu a ciki, sa'an nan da jagoran malami. Wannan na ukun shi ne ya fi kauri, kuma sau da yawa shi ya fi tsada. Saboda haka uwa takan ce a ranta: "Ni da na gama sakandare, har sai an rubuta mini littafi kafin in san biyu da biyu huɗu ne?" Maganarta tana kan hanya idan amsoshi kaɗai ne a cikin littafin. Amma fa sanin amsa daban, iya koyar da ita daban.

Abin da wata malama ta gano

A shekarar 1999 wata malama 'yar ƙasar Sin mai suna Liping Ma, wadda ta yi karatun digirinta na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka, ta wallafa wani littafi mai suna Knowing and Teaching Elementary Mathematics. A cikinsa ta kwatanta malaman firamare 23 na Amurka da malamai 72 na ƙasar Sin, ta hanyar ba su tambayoyi iri ɗaya. Wata tambayar ita ce: a raba 1¾ da ½, sa'an nan a ƙago ɗan labari wanda zai nuna wa yaro ma'anar wannan lissafi.

Ke ma uwargida, ajiye jaridar ki gwada kafin ki ci gaba. Da yawa daga cikinmu za mu ce: "Ina da gurasa ɗaya da kwata uku, na raba wa yara biyu." Wannan kuskure ne, domin rabawa gida biyu ke nan, ba rabawa da rabi ba. Labarin da ya dace shi ne kamar haka: kina da gari mudu ɗaya da kwata uku, kowane tuwo yana cin rabin mudu, sau nawa za ki tuƙa? Sau uku, har a sami ragowar da za ta yi rabin tuƙi. Amsa ke nan 3½.

A cikin malaman Amurka, 9 ne kacal suka samo amsar daidai, kuma mutum ɗaya ne ya iya kawo labarin da ya dace. Malaman ƙasar Sin kuwa dukansu 72 sun samo amsar, 65 daga cikinsu sun kawo labari mai kyau. Abin mamaki shi ne, yawancin malaman nan na Sin shekara 11 ko 12 kawai suka yi a makaranta, alhali takwarorinsu na Amurka sun yi shekara 16 zuwa 18. Da aka tambaye su inda suka samo wannan zurfin sani, babban abin da suka ambata shi ne yawan nazarin kayan koyarwa, wato littafin yara da jagoran malami, kafin su shiga aji. To, idan malami mai takardar shaida bai raina littafin jagora ba, ina dalilin uwa na raina shi? Matambayi dai ba ya ɓata.

Inda kuskure yake ɓuya

Bari mu ɗauki ɗebewa, wadda kowa yake ganin ya iya. An ce wa yaro ya ɗebe 25 daga 52, sai ya rubuta 33. Uwar da ba ta da jagora za ta ce bai mai da hankali ba ne, ta sa shi ya sake, wata ma har ta haɗa da faɗa. Alhali yaron ya mai da hankali sosai, wata doka ce ya ƙaga wa kansa: a kowane gida sai ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba. Ya ɗebe 2 daga 5 a dama, ya sake ɗebe 2 daga 5 a hagu. Wasu masana biyu, John Seely Brown da Richard Burton, sun bayyana tun 1978 cewa kurakuran yara a ɗebewa yawanci irin waɗannan ne, masu tsari, ba na ganganci ba. Jagora mai kyau yakan faɗa wa uwa tun da wuri cewa ga kuskuren da za ta gani, ga kuma maganinsa.

Maganin kuwa ba wuya. A samo tsinkayen tsintsiya a ɗaure su goma-goma. Lamba 52 ita ce ƙulli biyar da tsinke biyu. Tun da tsinke biyu ba za su isa a cire biyar ba, sai a kwance ƙulli ɗaya, a sami ƙulli huɗu da tsinke goma sha biyu. A cire ƙulli biyu da tsinke biyar, saura ƙulli biyu da tsinke bakwai, wato 27. Yaron da ya kwance ƙullin da hannunsa ya ga inda goman nan ta fito. Wanda aka ce masa kawai "ka ari ɗaya daga maƙwabci" yana iya tambaya, yaushe za a biya bashin? Malama Ma ta lura cewa malaman Sin sun fi son su ce an warware goma ɗaya, maimakon a ce an yi aro, domin babu abin da aka ƙara ko aka rage, 52 tana nan 52.

Ba dukan littattafai ne ɗaya ba

Amsar tambayarmu ta dogara ƙwarai ga irin littafin da aka saya, domin kowane da yadda aka gina shi. Ga misalai uku daga cikin waɗanda iyayen Amurka suka fi amfani da su.

Na farko shi ne Saxon, wanda ya samo sunansa daga John Saxon, wani tsohon hafsan sojan sama da ya koma koyarwa. Daga ajin share fage zuwa aji uku, darasin gaba ɗaya yana cikin littafin malami ne, har da kalmomin da uwa za ta faɗa an rubuta mata. Abin da ke hannun yaro takardun aiki ne kawai. Wadda ta sayi wannan ba tare da jagora ba, kamar ta sayi murfi ne ta bar tukunya a kasuwa. Amma daga aji huɗu zuwa sama an rubuta bayanin ne domin yaro ya karanta da kansa, abin da uwa take bukata shi ne littafin amsoshi.

Na biyu shi ne lissafin Singafo, mai suna Primary Mathematics. Ma'aikatar ilmin ƙasar Singafo ce ta fara fitar da shi a 1982. Da yaran ƙasar suka zo na ɗaya a gwajin lissafi na ƙasa da ƙasa a 1995, sai duniya ta waiwayo, kuma daga 1998 aka fara shigo da littattafan Amurka. Littattafai ne marasa kauri, hotuna da yawa, magana kaɗan, domin an yi su ne saboda malamin da aka horar. Tsarinsu mataki uku ne: yaro ya fara da abin da zai taɓa da hannu, sa'an nan hoto, daga ƙarshe lambobi. Matakin farko ba ya cikin littafin yaro, yana cikin jagora. Uwar da ta tsallake jagora ta zubar da kashi ɗaya cikin uku na darasin ba tare da ta sani ba.

Haka kuma akwai wata dabara ta zane a lissafin Singafo wadda yawancin iyaye ba su taɓa gani ba a zamaninsu. Misali: Ladi da Talatu suna da ƙwai 50, Ladi ta fi Talatu da 14, nawa ke gare kowace? Sai yaro ya zana sanda biyu a kwance, ta Ladi ta ɗan fi tsawo, ya rubuta 14 a kan tsawon da ya ƙaru. Idan ya cire 14 daga 50, saura 36 na sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kowace 18. Talatu tana da 18 ke nan, Ladi 32. Uwar da ta yi sakandare za ta ɗauko aljabara, abin da ya fi ƙarfin ɗan aji uku. Saboda irin wannan ne masu sayar da littafin a Amurka suka buga jagora na musamman domin mai koyarwa a gida, dabam da na malamin da ke gaban aji cike da yara.

Na uku shi ne Math Mammoth, wanda wata malama 'yar asalin ƙasar Finland mai suna Maria Miller ta rubuta. Ita ta haɗa bayani da aiki a shafi ɗaya, ta sa ɗan jawabi ga iyaye a farkon kowane babi. Wannan ba shi da wani jagoran malami na dabam, sai littafin amsoshi.

Yadda uwa za ta yanke shawara

Daga wannan bayani za mu ga cewa abu biyu uwa za ta duba. Da farko ta buɗe littafin yaron ta ga ko an bayyana darasin a ciki, ko kuwa hotuna ne da tambayoyi kawai. Sa'an nan ta gwada kanta tsakaninta da zuciyarta. Za ta iya bayyana abin da ya sa ake ajiye ɗaya a sama wajen tarawa? Ta san dalilin da ya sa ake matsawa gida ɗaya a layi na biyu idan ana ninka 23 sau 14? Idan amsarta ita ce "haka aka koya mana", to tana bukatar jagora, kuma babu abin kunya a ciki.

Wasu iyayen sukan ce za su bar jagora sai yaro ya kai aji biyar, lokacin da lissafi ya yi wuya. A ganina sun juya abin ne. A manyan azuzuwa amfanin jagora shi ne rage wa uwa wahalar duba amsa. A ƙananan azuzuwa kuwa, inda amsa take da sauƙi, nan ne ake aza harsashi, kuma nan ne hanyar koyarwa ta fi muhimmanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da tsada, a tuna cewa ba a rubutu a cikin jagora, saboda haka guda ɗaya zai yi wa yaro da ƙannensa duka. Ana samun na hannu da araha, kuma maƙwabta biyu suna iya yin karo-karo su saya. Sai dai a tabbata bugu ɗaya ne da littafin yaron, don kada shafuka su saɓa. Idan an saya kuma, kada a ajiye shi ya sha ƙura. Uwa ta karanta darasin gobe tun da dare, ko da na minti goma ne, ta tanadi tsinkaye ko wake ko murafun kwalba, da safe ta rufe littafin ta yi wa ɗanta magana da bakinta.

Mu a nan ba mu saba da cire yaro daga makaranta gaba ɗaya ba, amma wace uwa ce ba ta zama da ɗanta da yamma a kan aikin gida? Kuma ba mu manta da 2020 ba, lokacin da aka rufe makarantu wata da watanni, karatu ya dawo tsakar gida. Shawarata ita ce, ki je wurin malamin ɗanki ki roƙe shi ya nuna miki hanyar da yake bi wajen koyar da ɗebewa da rabawa, in da hali ma ki ari littafin jagoransa ki duba. Idan malami yana jan yaro gabas, uwa tana jan shi yamma, yaron ne zai sha wahala a tsakani.

Sai mun sake saduwa, a gaida yara.