Warin Hayaƙin Salansa: Alamar da Ke Nuna Inda Kuɗin Mai Mota Ke Zurarewa

LEGAS — Galibin 'yan kasuwar Agege masu motocin haya da na dakon kaya zuwa Mile 12 da mayankar Oko-Oba ba su kai mota gareji sai ta tsaya cik. Alhali kuwa kafin inji ya kwanta, yakan daɗe yana ba da sanarwa ta salansa, kuma hanci ne kan fara jin ta.

Muhimmancin wannan al'amari ya ƙaru tun ranar 29 ga watan Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin kwana biyu farashin lita a gidajen man NNPC na Legas ya tashi daga kimanin Naira 185 zuwa Naira 488. Tun daga lokacin, duk man da ya fita ta salansa bai ƙone ba, riba ce ta bi iska.

Wari na farko shi ne na ɗanyen fetur, wanda sau da yawa yakan zo tare da baƙin hayaƙi. Ma'anarsa mai ya fi iska yawa a cikin inji. Abubuwan da kan jawo haka su ne toshewar matatar iska, mutuwar filogi, nozul mai yoyo, ko lalacewar na'urar da ke auna iskar oksijin a bakin salansa. A tsofaffin motoci kuwa, kafireta ce ke bukatar saiti. Hikima ita ce a fara da mai araha, watau matatar iska da filogi, kana a sa na'urar kwamfuta ta bincika sauran kafin a sayi kome a kasuwar Ladipo.

Na biyu shi ne wari irin na bara-gurbi. Asalinsa farar wuta ce da ke cikin mai. Akwai wata tukunya a tsakiyar salansa mai saƙa kamar ta zuma, wadda makanikan Legas ke kira indomi, aikinta shi ne tace gubar hayaƙi. In ta gaji, ko ɗanyen mai ya yi mata yawa, sai warin ya fito. Saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su filatinam da rodiyam, akan sace ta ko a fasa a sayar. Don haka wajibi ne mai sayen motar tokumbo ya tabbatar tana nan. Sauya ta ba tare da gyara abin da ya kashe ta ba kuwa, asara ce sau biyu.

Na uku shi ne ƙaurin baƙin mai tare da shuɗin hayaƙi, alamar ringin fistan ko robobin bawul sun cinye. Zuba mai mai kauri yakan ɓoye ciwon na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da shi.

Na huɗu shi ne ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi. Wannan gasket ne ya ƙone, ruwan lagireto yana shiga inji. Sai dai direbobi da yawa ruwan famfo suke zubawa, wanda ba shi da ƙamshi, saboda haka raguwar ruwa kullum ita ce shaida. Ci gaba da tuƙi a wannan hali yakan kai ga sayen wani injin.

Ba kullum ne laifin yake ga mota ba. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, abin da ya lalata motoci, ya kuma haddasa dogayen layuka a Legas da Abuja. Kafin nan, a Disambar 2016, Nijeriya da wasu ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma sun amince da rage farar wuta a man dizal zuwa kashi 50 cikin miliyan, lokacin da ma'aunin Nijeriya yake 3,000, na Turai kuwa 10. Saboda haka in wari ya fara daga shan mai a wani gida, a fara zargin man, a kuma adana rasiti.

Mafi haɗari duka shi ne jin hayaƙi a cikin mota, domin yana nufin salansa ta huje. Tare da shi akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, har ta kai ga kisa. Haɗarin ya fi tsanani ga mai zama a cunkoson Pen Cinema da gilashi a rufe, da kuma yaran mota masu kwana ciki inji na aiki. Irin wannan mota, a buɗe tagogi, a wuce da ita wurin mai walda a ranar, kafin a ɗauki ko fasinja ɗaya.