Zafin Yamai da tsawon bugu a na'urar auna hasken gamma

Wanda ya tashi daga Gaweye ya ƙetare gadar Kennedy zai iske Jami'ar Abdou Moumouni, inda cibiyar IRI mai nazarin izotof take. A ƙasar da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, auna hasken gamma na dutse da ƙasa aiki ne da ba ya ƙarewa. Abin da za mu duba a nan shi ne ƴar da'irar da ke siffanta bugun lantarki kafin a auna shi, da yadda zafin garinmu ke shafar ta.

Idan gamma ta faɗa kan kiristal mai ƙyalli, diyod ɗin silikon da ke manne da shi yakan mai da ƙyallin zuwa ɗan caji. Amfilifaya ta farko tana tara cajin, ta fitar da bugu mai tashi farat ɗaya da doguwar jela. Daga nan sai da'irar CR-RC ta karɓa: sashen CR ya datse jelar, sashen RC ya tace hayaniya mai sauri, bugun ya fito kamar ɗan tudu. Tsayin tudun shi ne ma'aunin ƙarfin gamma, da shi ake bambanta layin 609 keV na bismut-214 da na 1461 keV na potasiyom-40.

Faɗin tudun ya dogara da lokacin τ, wato R sau C, kuma nan ne gizo ke saƙa. Hayaniyar taranzista ta farko tana raguwa idan τ ya yi tsawo, ta yoyon lantarki a diyod kuwa ƙaruwa take yi. Mafi kyawun τ yana inda biyun suka yi daidai. To, yoyon silikon yakan ninka kusan duk digiri 8. Da'irar da aka tsara don ɗaki mai digiri 20, in aka fita da ita daji a watan Afrilu cikin digiri 44, yoyonta ya ninka sau 8, τ ɗin da ya dace kuma ya ragu kusan sau uku. Wanda bai rage shi ba zai ga layukan sun baje, maƙwabta sun haɗe, ya ce dutsen ne ko diyod ya lalace, alhali zafi ne kawai.

Akwai kuma matsalar ƙira. A kan guntun silikon, ƙimar R da C takan kauce wa lissafi da kashi 20 cikin ɗari ko kusa da haka. A ganinmu, wannan ma dalili ne na kada a ɗaure τ tun a zane. Gara a jera ƙananan kondansa masu makunni, yadda mai aiki zai zaɓi τ, a sa ma'aunin zafi kusa da diyod, a kuma rubuta zafin tare da kowane awo.