Taswirar Indiya a Bangon Ɗakin Saroo

A shekarar 1987, a birnin Hobart na tsibirin Tasmaniya, can ƙarshen kudancin Ostireliya, Sue Brierley da mijinta John suna ta gyaran ɗaki saboda yaron da ba su taɓa gani ido da ido ba. Hotonsa kawai suke da shi, da 'yan bayanan da wata ƙungiyar kula da marayu ta Kalkata, ISSA, ta aiko musu. Sunansa Saroo, bai wuce shekara 6 ba, kuma an ce an nemi danginsa an rasa.

Ba rashin haihuwa ne ya kai su ga haka ba. Sue 'yar baƙi ce da suka yi ƙaura daga Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta tashi a hannun uba mai zafin hannu, kuma tun tana yarinya ta ƙudurta cewa yaran da ba su da mai kula da su sun yi yawa a duniya, gara ta ɗauki ɗaya daga cikinsu. John ya amince. Sai dai dokar jiharsu a lokacin ba ta ba ma'auratan da ke iya haihuwa damar karɓar ɗan riƙo ba. Suka yi shekara da shekaru suna jira har dokar ta sauya. Riƙon nasu kuwa ba irin namu ba ne, inda yaro zai koma wurin gwaggo ko kawu yana sane da gidan ubansa. A can yaro yakan ɗauki sunan gidan da ya shiga da takardun ƙasar, sau da yawa ma shi ke nan an rufe babin baya.

A nan ne shirin Sue ya bambanta. Da farko sun aika wa yaron kundin hotuna: ga su nan su biyu, ga gidan, ga jirgin saman da zai ɗauko shi, domin kada ya sauka cikin baƙin fuskoki. Ta ƙawata gidan da kayan ado na Indiya, ta koyi girkin Indiya don kada cikinsa ya sha wahalar sauyin abinci, ta kuma ƙulla zumunci da wasu ma'aurata Indiyawa da ke kusa waɗanda za su yi masa magana da Hindi. Sannan ta manna taswirar Indiya a bangon ɗakin kwanansa. Da wata uwar riƙon ce, da ta ɓoye duk abin da zai tuna wa yaro gida, don tsoron kada zuciyarsa ta rabu biyu. Ita kuwa ta kafa masa ƙasarsa inda zai gan ta kullum in ya farka.

A watan Satumba suka tarbe shi a filin jirgin saman Melbourne. Yana riƙe da cakulan da ta narke masa a hannu, ba ya jin Turanci, su kuma ba sa jin Hindi. Kalmar da ya fara ce musu ita ce "Cadbury". Abin dariya, masana'antar cakulan ta Cadbury tana nan a bayan garin Hobart, inda za su kai shi.

Abin da babu wanda ya sani a filin jirgin nan shi ne, yaron ba maraya ba ne. Uwarsa Kamla tana raye a unguwar Ganesh Talai ta garin Khandwa, tana aikin ɗaukar duwatsu a wuraren gini don ciyar da 'ya'ya 4 bayan mijinta ya bar ta. Wani dare a 1986 Saroo ya nace sai ya bi yayansa Guddu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Burhanpur. Barci ya kwashe shi a kan benci. Da ya farka bai ga yayan ba, ya shiga wani tarago yana nemansa, jirgi ya tashi da shi har tashar Howrah ta Kalkata, tafiyar kusan kilomita 1,500. Ya yi makonni yana kwana a titi kafin wani matashi ya kai shi ofishin 'yan sanda. Sunan unguwarsu da yake faɗa a baibai ne, irin faɗar yara, ba a same shi a taswira ba. An buga cigiyarsa a jaridun Kalkata, amma wa zai kai jaridar Kalkata hannun matar da ba ta karatu a Khandwa? A ganina nan ne raunin irin wannan riƙon na ƙetare: takarda takan ce babu dangi alhali cigiya ce ba ta isa ba.

Saroo ya girma ɗan Ostireliya, har ya samu ƙane, Mantosh, wanda shi ma daga Indiya aka ɗauko shi. Amma bai bar bitar hanyoyin garinsu a ransa ba. Da ya zama saurayi sai ya duƙufa kan manhajar taswira ta Google Earth. Ya ƙiyasta awannin da ya yi a jirgi da gudun jiragen wancan zamani, ya zana da'ira kewaye da Kalkata, ya riƙa bin layukan dogo ɗaya bayan ɗaya, dare bayan dare, har shekaru. A 2011 ya ci karo da wata tasha mai tankin ruwa da gadar masu tafiya a ƙafa daidai yadda ya tuna. Burhanpur ce. Ya bi layin zuwa arewa har Khandwa.

A watan Fabrairun 2012, bayan shekara 25, ya tsaya a ƙofar tsohon ɗakinsu, ya tarar babu kowa. Maƙwabta suka duba hoton yarintarsa, wani ya ja shi 'yan taku kaɗan zuwa inda uwarsa take. Ba ta taɓa yarda ta yi nisa da unguwar ba, wai kada ya dawo ya rasa ta. A ranar ya ji cewa Guddu ya rasu tun daren da suka rabu, jirgin ƙasa ya buge shi.

A 2013 Sue ta je Khandwa da kanta, ita da Kamla suka rungume juna, tafinta na tsakaninsu. Saroo ma da tafinta yake hira da mahaifiyarsa, domin Hindin ya kuɓuce masa. Ya ci gaba da zama a Hobart yana kai ziyara Indiya, kuma littafin da ya rubuta a shekarar nan shi aka mayar fim ɗin Lion a 2016.